"Sai Masu Gida": Nazari a Kan Teburin Gasar Ƙwallon Ƙafa da Tarihin Ƙungiyar Kano Pillars

1.0 Gabatarwa

Wasan ƙwallon ƙafa baƙo ne a ƙasar Hausa, amma irin baƙon nan ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Ya shigo ta hanyar makarantun boko da barikokin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, musamman bayan da hanyar dogo ta iso Zariya da Kano a shekarar 1911. Sannu a hankali ya tsallake ganuwa ya shiga birni, yara suka riƙa buga tamaula a lunguna, manya kuma suka riƙa zuwa kallo. A yau a cikin Birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, da wuya a sami majalisar samari da ba a gardamar wace ƙungiya ce ke sama, wace ce ke ƙasa.

Ita wannan gardama a kan teburin gasa ake yin ta, watau jadawalin nan da ke jera ƙungiyoyi bisa ga makin da kowace ta samu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda ake karanta wannan tebur, da irin Hausar da ake karanta shi da ita, sa'an nan ta bi tarihin ƙungiya guda, watau Kano Pillars, wadda ta fi kowace ƙungiya ta ƙasar Hausa ɗaukar kofin gasar lig ta Nijeriya. Abin da ake so a tabbatar shi ne, kirarin da ake yi wa wannan ƙungiya, "Sai Masu Gida", ya ƙunshi bayanin hawanta da saukarta a kan tebur baki ɗaya.

2.0 Yadda Tebur Yake

An fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a Nijeriya a shekarar 1972, aka mayar da ita ta ƙwararru, watau masu cin abinci da wasan, a 1990. A yawancin shekarun da wannan nazari ya shafa ƙungiyoyi ashirin ne ke cikin babban rukuni. Kowace takan kara da 'yar'uwarta sau biyu, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a waje. Ke nan kowace ƙungiya tana da wasa 38 a kaka guda, 19 a gida, 19 a waje.

Wadda ta ci wasa tana da maki uku, in an yi canjaras kowa ya tashi da maki ɗaya, wadda aka cinye kuwa ba ta da kome. Wannan tsari na maki uku a Ingila aka fara aiki da shi a 1981, kafin nan maki biyu ake bayarwa, ya kuma game duniya bayan gasar cin kofin duniya ta 1994. In maki ya zo daidai, sai a duba rarar ƙwallaye, watau a ɗebe waɗanda aka zura wa ƙungiya daga cikin waɗanda ita ta zura. Ta ɗaya a ƙarshen kaka ita ke ɗaukar kofi, na kusa da ita su sami damar wakiltar ƙasa a gasannin Afirka, huɗun ƙarshe kuwa su faɗa rukunin ƙasa.

Wanda ya tsaya ga jimillar maki kaɗai bai gama karanta teburin Nijeriya ba, sai ya raba makin gida da na waje. Ga misali na lissafi kawai. A ɗauka wata ƙungiya ta ci wasa 17 a gida, ta yi canjaras biyu. Makinta na gida ya kama 53. A waje kuwa ta ci biyu kacal, ta yi canjaras biyar, aka cinye ta sau 12, makinta na waje 11 ke nan. Jimilla 64. Wata ƙungiyar kuma ta sami maki 11 ɗin nan a waje, amma a gida ta ci goma, ta yi canjaras biyar, aka cinye ta sau huɗu, watau maki 35. Jimillarta 46. Dukansu biyu ba su taɓuka abin kirki a waje ba, amma akwai tazarar maki 18 a tsakaninsu, kuma duk a gida aka same ta. Ta farko tana iya neman kofi, ta biyu tana waiwayen baya kada ta faɗi. Wannan shi ya sa masu bin gasar ke ɗaukar canjaras a waje riba, canjaras a gida kuwa asarar maki biyu.

2.1 Hausar Tebur

Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne yadda Hausa ta karɓi wannan lissafi ta yi masa sutura irin tata. Ana iya kasa kalmomin gida uku.

Kashi na farko aro ne kai tsaye, aka gyara furucinsa ya dace da bakin Bahaushe: maki, tebur, kofi, lig, kulob, gola, fenariti, kati.

Kashi na biyu tsofaffin kalmomi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. "Kaka" asalinta lokacin girbi ce, amma yanzu "kakar wasa" na nufin tsawon lokacin gasa, kuma dangantakar a fili take, domin a ƙarshenta ne kowa ke girbin abin da ya shuka. "Alƙali" ya bar zauren shari'a ya shiga fili da usur. "Raga" ta koma inda ake zura ƙwallo. "Kunnen doki" ya zama sunan wasan da aka tashi da ci daidai, saboda kunnuwan doki biyu ba wanda ya ɗara wani. Rukunin ƙasa kuwa wasu masu ba da labarin wasanni a rediyo kan kira shi na "'yan dagaji", watau masu ƙoƙarin yin abin da ƙarfinsu bai kai ba.

Kashi na uku ƙirƙira ce: "bugun daga kai sai mai tsaron gida", "bugun kusurwa", "bugun tazara", "satar gida", "ci ɗaya mai ban haushi", "uku da nema". Haka nan ba a cika cewa ƙungiya ta yi nasara kurum ba, sai dai a ce ta doke, ta lallasa, ta casa, ko ta yi wa wance cin kaca, kowace kalma da gwargwadon nauyin dukan da take ɗauke da shi.

Mai lura zai ga yadda kalmar "gida" ke ta maimaituwa. Ragar da ake karewa gida ce, mai kare ta mai tsaron gida ne, wanda ya wuce 'yan baya ba bisa ƙa'ida ba ya yi satar gida, filin da ƙungiya ke karɓar baƙi kuma gida ne. Bahaushe ya fahimci wasan ne a matsayin tsare gida da kai hari gidan wani. A kan wannan fahimta kirarin Pillars ya ginu.

3.0 Kano Kafin Pillars

Kano ta daɗe da suna a fagen ƙwallo. A 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, wanda aka fara gasarsa a Ikko a 1945. Da aka kafa lig a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofinsa. Bayan shekara shida, a 1978, Raccah Rovers ta Kano ta zo ta ɗaya. A wannan shekarar ce kuma ta kara da Fluminense ta ƙasar Barazil a Kaduna, wasan da shahararren ɗan ƙwallon nan Pele ya buga a cikinsa.

Daga nan sai kofin ya yi nisa. Shekara talatin cur, daga 1978 zuwa 2008, ba wata ƙungiya daga ƙasar Hausa da ta sāke hawa kan tebur a ƙarshen kaka. Kofin ya yi ta yawo tsakanin Inugu da Badun da Binin da Ikko da Owerri da Aba da Fatakwal, ya leƙa Gboko a 1994 da Makurɗi a 1999. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na wata gasar Afirka a 1988, ta kuma ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989, amma kofin lig bai zo hannunta ba.

3.1 Kafuwa da Hawa

An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: ta hukumar ruwa da gine-gine ta Jihar Kano da ake kira WRECA, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, yana kan gaba wajen wannan aiki. Ma'anar sunan da Hausa ita ce ginshiƙan Kano, kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita. A 1991 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta.

Filin wasa na Sani Abaca da ke Ƙofar Mata shi ne ya zama gidanta. Fili ne da ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 na duniya a 2009. A wannan fili, daga shekarar 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, ba wata ƙungiya da ta doke Pillars a wasan lig. Shekara goma sha biyu ke nan, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon da ci biyu da ɗaya.

Duk kofunan lig huɗu da ƙungiyar ta ɗauka a cikin waɗannan shekaru goma sha biyu ta ɗauke su. Na farko a 2008, a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Sa'an nan uku a jere: 2012 da 2013 tare da Muhammad Babaganaru, da 2014 tare da Okey Emordi. In aka koma ga lissafin da aka kawo a sashe na 2.0, za a ga cewa wannan ba dace ba ne. Ƙungiyar da ba a cin ta a gida ta riga ta ajiye fiye da rabin abin da ake bukata, saura ta yi kalen maki a waje.

A cikin wannan zamani ne kuma ta fito da 'yan wasan da suka yi suna. Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar, kafin ya wuce Turai. Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya yi shekaru masu yawa yana jan ragamar 'yan wasan.

A fagen Afirka, shekarar 2009 ita ce ƙololuwa. Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin zakarun nahiyar a lokacin. Aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Kano, aka je Alƙahira aka tashi biyu da biyu, Pillars ta wuce saboda ƙa'idar da ake aiki da ita a lokacin ta fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Kofin ƙalubale kuwa sai da ya ba ta wuya. A 2018, a Asaba, tana gaba da ci uku da nema, Rangers ta Inugu ta farke duka, ta kuma cinye a bugun fenariti. A shekarar da ta biyo, 2019, ta ɗauki kofin a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

4.0 Ma'anar Kirarin

Yawancin ƙungiyoyin Arewa suna da laƙabi. Ana danganta Niger Tornadoes da "Ikon Allah", Katsina United da "Canji", Wikki Tourists ta Bauci da giwa. Na Pillars ya bambanta da su, domin jimla ce da aka taƙaita, kuma yana da kyau a warware ta.

"Sai" a nan ta keɓancewa ce, irin wadda ake ji a fagen dambe da kokawa da dandalin siyasa, inda ake cewa "sai wane". Akwai zancen da aka shafe a gabanta, wanda mai sauraro ke cikewa da kansa: ba mai cin wasa a nan sai masu gida. "Masu" jam'in "mai" ne, mai nuna mallaka. Jam'in ya haɗa 'yan wasa da 'yan kallo a cikin mallakar, ta yadda mai faɗin kirarin yana yi wa kansa ne kamar yadda yake yi wa ƙungiyar. "Gida" kuwa tana iya zama filin Ƙofar Mata, tana iya zama birnin Kano, wanda da ma ake yi wa kirari da "ko da me ka zo an fi ka".

A al'adar Bahaushe maigida yana da iko, baƙo yana da iyaka. Ana cewa "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", watau baƙo na ɗan lokaci ne, ɗan gari shi ke dawwama. Amma ita wannan al'adar ba ta ba maigida iko kawai ba, ta ɗora masa nauyi. Shi zai ba baƙo ruwa da masauki, shi zai kare mutuncinsa har ya tafi. Wanda aka wulaƙanta baƙo a gidansa, shi ne ya ji kunya. Kirarin yana ɗauke da waɗannan fuskoki biyu, ko da yake a bakin 'yan kallo ta farkon ce ta fi fitowa.

Dole ne kuma a faɗi cewa rinjayen gida a gasar Nijeriya ba na Pillars kaɗai ba ne, kuma ba dukan dalilansa ne abin alfahari ba. Akwai na halal: sabo da fili, da yanayin gari, da sowar magoya baya, da gajiyar baƙin da suka kwana a mota daga wannan kusurwa ta ƙasa zuwa waccan. Hanyar ma kanta tana da haɗari. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta tana kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Akwai kuma dalilan da aka daɗe ana kuka da su a filaye da dama na ƙasar nan, watau tsoratar da alƙalan wasa da baƙin 'yan wasa. Saboda haka in an ga ƙungiya ta tara maki a gida, ya kamata mai nazari ya tambaya ta wace hanya aka tara shi.

5.0 Barin Gida da Faɗuwa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 2020, da annobar korona ta ɓarke, aka mayar da harabar filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Da aka dawo wasa, Pillars ta koma karɓar baƙinta a Kaduna, masu gida suka zama 'yan haya. A wannan lokaci ne, a 2021, Ahmed Musa ya dawo ya buga mata wasanni.

A watan Afrilu na 2022 ƙungiyar ta koma Kano, ta karɓi Katsina United. Ana cikin wasa, babu ci, 'yan kallo suka kutsa fili, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ƙwace wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Bayan 'yan makonni aka sāke ƙwace wasu maki uku saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada. Maki shida daidai yake da cin wasa biyu. A ƙarshen kakar 2022 Pillars ta faɗa rukunin ƙasa tare da Heartland da MFM da ita kanta Katsina United ɗin. Shekara takwas ke nan kacal bayan ɗaukar kofi na uku a jere.

Ta dawo babban rukuni a 2023. Sai dai a watan Oktoba na 2025 an sāke kwatawa: bayan kunnen doki da Shooting Stars ta Badun a Ƙofar Mata, wasu 'yan kallo suka afka cikin fili, aka ƙwace maki uku, aka tura wasanninta na gida Katsina.

Abin lura a nan shi ne, taron nan da ya sa baƙi ke shakkar Ƙofar Mata shekara goma sha biyu, daga cikinsa ne aka sami waɗanda suka jawo rufe ta. An riƙe rabin ma'anar kirarin, watau iko, an saki ɗaya rabin, watau haƙƙin baƙo. Dokar gasa kuwa ta ɗora wa mai masauki alhakin tsaron baƙinsa da alƙalai, daidai da yadda al'ada ta ɗora wa maigida, kuma da maki take hukunta wanda ya gaza.

6.0 Abin da Ya Shafi Zariya

Zariya tana tsakanin Kano da Kaduna, kuma ta cikinta hanyar da ta haɗa biranen biyu ta ratsa. Gari ne na makarantu, irin su Kwalejin Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello, inda wasanni ke da gindin zama tun da daɗewa. A nan aka haifi Shola Ameobi a 1981, wanda ya daɗe yana buga wa Newcastle ta Ingila, ya kuma wakilci Nijeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014. Duk da haka, tun daga 1972 ba wata ƙungiyar Zariya da ta ɗauki kofin lig na ƙasa. Samarin birni da yawa sun fi sanin teburin Ingila da na Sifen a kan na Nijeriya, domin shi suke gani a gidajen kallo.

Tarihin Pillars ya nuna abin da ake bukata kafin gari ya ga sunansa a saman tebur. Kano ta haɗa ƙananan ƙungiyoyi uku ta yi guda, ta ba ta fili tsayayye a tsakiyar jama'a, ta kuma ba ta suna da kirarin da kowane ɗan gari zai ce nasa ne. Masu sha'awar ganin Zazzau a wannan fage suna da abin koyi a cikin wannan, suna kuma da abin gudu a cikin abin da ya faru a 2022.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ake lissafin teburin gasa, da yadda rabin wasannin da ake bugawa a gida ke yanke hukuncin matsayin ƙungiya. An ga yadda Hausa ta gina kalmomin wasan a kan tunanin gida da tsaronsa. An kuma bi Kano Pillars daga kafuwarta a 1990, zuwa kofuna huɗu da ta ɗauka tsakanin 2008 da 2014 lokacin da ba a cin ta a Ƙofar Mata, har zuwa faɗuwarta a 2022 lokacin da ta rasa filin da maki shida.

Akwai sauran aiki a gaban ɗaliban Hausa. Kirarin ƙungiyoyi, da laƙabin 'yan wasa, da habaicin da magoya baya ke jifan juna da shi, da salon masu ba da labarin wasa a rediyo, duk adabin baka ne da ake ƙirƙira a wannan zamani, kuma yawancinsa a baki yake wucewa. Ya kamata a shiga majalisu da gidajen kallo a tattara shi, a rubuta, a kwatanta shi da kirarin 'yan dambe da na 'yan kokawa, domin a ga abin da ya gada daga gare su da abin da ya ƙara.